Faɗan uba da ɗa a shirin American Chopper: da gaske ne ko shiryawa aka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, ina aiki a garejin mahaifina tun ina yaro. Na daɗe ina kallon guntayen bidiyon wani shirin Amurka a waya, inda wani dattijo mai farin gashin baki da ɗansa suke ƙera babura masu dogon wuya, kullum cikin ihu, har da jifa da kujera. Shin faɗan nan da gaske ne ko shirya musu ake yi kamar fim? Kuma baburan ana hawansu kuwa, ko na ado ne kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya wa sana'a albarka, ya ƙara wa Baba lafiya.

Shirin da kake nufi sunansa American Chopper. Tashar Discovery ce ta fara nuna shi a jere a shekarar 2003, daga baya ya koma tashar TLC. Dattijon shi ne Paul Teutul Babba, ɗan kuma Paul Ƙarami, sai ƙanensa Mikey mai yawan raha, wanda yakan shiga tsakaninsu. Kamfanin nasu Orange County Choppers, an kafa shi a 1999 a jihar New York. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, uban abokin sana'arka ne. Kafin babura, aikin ƙarfe yake yi na gine-gine, kuma a wannan masana'antar Ƙarami ya koyi riƙe walda.

Faɗan da gaske ne. Na yi shekaru a ɗakin tace hotunan talabijin, na san yadda ake gina rigima daga abin da bai taka kara ya karya ba, amma wannan ta wuce nan. Rigimar da aka shirya don kallo takan ƙare ne idan an kashe kyamara. Tasu kuwa ta kai su gaban alƙali. A 2008 uban ya kori ɗansa daga aiki, bayan wata hayaniya kan zuwa aiki a makare, kuma wannan ce ranar da kujerar ta tashi sama. Masu kallo sun ga abin a 2009, sai kuma a 2018 hotunan wannan faɗa suka sake yaɗuwa a intanet, mutane suna ɗora musu maganganun barkwanci, wanda ina kyautata zaton ta nan ka fara cin karo da su. Ni dai ban taɓa iya yin dariya a kan hotunan ba. Ka dubi fuskar yaron da kyau, za ka ga mutumin da yake rasa aiki da uba a lokaci guda.

Amma akwai hannun talabijin a ciki, kuma ya kamata ka san inda yake. Babur ɗaya yakan ɗauki makonni ana aikinsa, kyamara tana kunne awa da awanni. Shirin awa guda kuwa, idan ka cire tallace-tallace, bai wuce minti arba'in da 'yan kai ba. To mai tacewa zai zauna gaban tulin hotuna, akasarinsu mutum ne sunkuye yana goge ƙarfe, ko ana jiran a kawo kaya daga wurin mai fenti. A cikin wannan tulin akwai minti uku da aka ɗaga murya. Waɗannan minti ukun su zai sa a farkon shiri, ya maimaita su kafin talla, ya sake dawo da su bayan talla. Yakan kuma ɗauko fuskar wani ma'aikaci da ya ɗaure fuska a wani lokaci daban, wataƙila yunwa ce ke damunsa, ya manna ta bayan maganar uban, sai ka ɗauka martani yake yi. Sannan akwai wa'adi. Kusan kowane babur ana cewa sai an kammala shi kafin ranar wani buki, kuma ƙurarren lokaci shi kansa yana sa mutane su hau juna. Wato talabijin ta tarar da wutar tana ci, ta riƙa yi mata fifita, domin hayaƙin shi ne abin sayarwarta.

Asalin matsalar kuwa, a ganina, ita ce matsayin Ƙarami a kamfanin. Ɗa ne, ma'aikaci ne, shi ne babban mai zana fasalin baburan, kuma yana da kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Idan uban ya daka masa tsawa, da wane baki yake magana, na mahaifi ko na maigidan aiki? Idan shi ma ya mayar da martani, ɗa ne ya yi wa ubansa rashin kunya, ko abokin tarayya ne yake kare haƙƙinsa? Babu wanda ya warware wannan tun farko. Uban mutum ne da ya gina dukiyarsa da gumi, yana auna aiki da agogo: ka zo da sassafe, ka share wurinka. Shi da kansa ya sha faɗa a fili cewa ya yi fama da shaye-shaye lokacin da yaran suke ƙanana, kafin ya daina, kuma wannan ya bar tabo a gidan. Ɗan kuma yana ganin basirarsa ce ta ɗaga sunan kamfanin, don haka bai kamata a riƙa yi masa lissafin mintoci ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Da aka rabu, sai maganar kashi 20 ɗin ta taso. Uban ya shigar da ƙara yana neman a tilasta wa ɗan ya sayar masa da hannun jarinsa. A ƙarshen 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce yarjejeniyar da suka yi ba za ta tilasta hakan ba, saboda ba su fayyace yadda za a ƙayyade farashi ba. Daga baya suka sasanta a wajen kotu. A wannan shekarar ta 2010 Ƙarami ya yi aure, mahaifinsa bai halarta ba. Ya buɗe nasa garejin, Paul Jr. Designs, tasha kuma ta mayar da gabar ta zama sabon shiri, Senior vs. Junior, daga 2010 zuwa 2012. Sai a 2018 aka dawo da shirin, aka ga suna zama wuri ɗaya suna magana. A wannan shekarar ce kuma uban ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu, daga baya ya mayar da harkarsa jihar Florida.

Tunda ka ce a garejin Baba kake, bari in faɗa maka abu ɗaya ba tare da na shiga sirrin gidanku ba. Yaron da aka kawo koyon aiki daga waje yana da ranar yaye, ana yi masa addu'a a sallame shi da kayan aiki. Ɗan gida sau da yawa ba shi da wannan ranar, har ya yi furfura ana ce masa yaro. Idan akwai maganar rabo ko albashi a tsakaninku, a yi ta cikin ladabi tun ana dariya da juna, a gaban wani kawu da kuke jin nauyinsa, a kuma rubuta.

Sai maganar baburan. Ana hawansu, injinsu na tashi, amma yawancin waɗanda ka gani a shirin ba don zirga-zirgar yau da kullum aka yi su ba. Kamfanoni da ƙungiyoyi ne suke ba da kwangilarsu don talla ko tunawa da wani abu, a kai su wurin baje koli. Mafi shahara shi ne wanda suka yi don tunawa da 'yan kwana-kwana 343 da suka rasu a harin 11 ga Satumba 2001. Akwai kuma Black Widow, mai ado irin saƙar gizo-gizo da aka lanƙwasa da sandunan ƙarfe.

Dogon wuyan nan da ka lura da shi yana da farashi. A babur na yau da kullum, ƙafafun gaba sukan karkata da digiri 25 zuwa 30. A irin waɗannan ana kai su 40 ko fiye. A miƙaƙƙen titi babur zai tafi sumul, amma a kwana sai ka nemi fili kamar mai juya mota. Tayar baya takan kai faɗin milimita 240 zuwa 300, ita ma tana ƙin kwanciya a kwana. Da yawansu ba su da shok a baya, duk ramin da ka faɗa a ƙugunka zai sauka. Injin mai silinda biyu ne, yakan haura cc 1,600, alhali Boxer ɗin da ake acaɓa da shi cc 100 ne. Shi ma injin ba su suke ƙera shi ba, saye ake yi daga kamfanoni irin su S&S Cycle, fenti ma sau da yawa waje ake kai shi.

Nasu aikin shi ne tanki, salansa, kan babur, murfin taya da kayan ado, kuma nan ne ya kamata mai walda ya zuba ido. Idan ka sake kallo, ka bar masu ihun, ka nemi Rick Petko, wani ma'aikaci marar hayaniya. Ka ga yadda yake fara yanka fasalin tanki a kwali, ya ɗora a kan falle, ya buga shi da guduma a kan jakar yashi, ya bi da shi ta cikin na'urar murzawa har ƙullutun su kwanta. Ka lura ba ya jan walda a tafi ɗaya. Ɗigo-ɗigo yake yi nesa da juna, ya bar ƙarfen ya huce, sannan ya cike tsakani, don kada zafi ya murɗe fallen.