Amsa ga 'yar'uwar da kamfanin injin CPAP ya ɗora wa ƙarin kuɗi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki raina na ɓaci, don irin abin da aka yi mini ne sak. Kin ce inshorarki ta nan Amurka ta amince da injin CPAP, wato injin da ke hura wa mutum iska ta takunkumi don kada numfashinsa ya ɗauke cikin barci, kin biya kasonki, sai ga kamfanin da ya kawo shi ya turo miki wani bil daban, wai kuɗin saiti da koyarwa, da kuma ragowar da inshora ba ta biya ba, kina tambaya ko ki biya ki huta. Kada ki biya tukuna. Kuma don Allah kada ki karanta musu lambar katinki ta waya, ko da sun rantse sau ɗaya za su cira.

Ki nemo takardar nan da inshora ke turowa, wadda aka rubuta a samanta cewa ita ba bil ba ce, EOB ɗin nan da yawancinmu muke jefawa cikin dirowa. A cikinta za ki ga abin da kamfanin ya nema, da abin da inshora ta yarda shi ne farashi, da abin da ta biya, sannan abin da ya rage a kanki. Wannan na ƙarshen shi ne bashinki. Idan kamfanin yana cikin jerin waɗanda inshorarki ta ƙulla yarjejeniya da su, ya riga ya sa hannu cewa farashin da aka amince shi zai karɓa. Ba shi da hurumin ya juyo kanki ya ce ki cike masa gibin da ke tsakanin abin da ya nema da abin da aka ba shi. Sun san da haka sarai. Gadon barcinmu kawai suka gani.

Ni direban babbar mota ne a nan Amurka, kin san likitan da ke sabunta mana takardar lafiya ta tuƙi ba ya sa hannu sai ya ga rahoton injin. Wato injin nan a wurina abincin iyalina ne. Suka fara da turo mini kwalaye ban nema ba, tiyo da filta da tankin ruwa, suna cirar kuɗi daga katin da suka karɓa ranar farko wai don ajiya. Da na tsayar da katin, sai bil ya iso da wani kuɗin saiti wanda babu shi a ko'ina cikin takardun inshora. Na kira na ce a yi mini bayani. Matar da ta ɗauka, Allah ya sani har yau ban manta muryarta ba. Tana jin harshena ta koma yi mini magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda ba ya gane komai. Kin san yadda suke yi mana. Na ce mata EOB tana hannuna, ga abin da ta ce. Ta ce ita ba ruwanta da takardar inshora, abin da kwamfuta ta nuna mata shi za ta faɗa. Na ce to ki ba ni shugabanki. Ta ce ba ya nan. Na ce yaushe zai dawo. Ta ce ba ta sani ba. Daga nan ta ce idan ban biya ba za su miƙa ni ga masu karɓar bashi, kuma ba za su sake turo mini ko robar takunkumi ba, in ta kama ma su aiko a ɗauke injin.

A lokacin ina fake a wurin hutawar manyan motoci, nesa da gida, kuma robar takunkumina ta riga ta saki. Iska na tsiyaya ta gefen hanci tana hura mini ido, tana wannan ƙarar siii har gari ya waye. Na dinga ƙara ɗaure maɗaurin, har karan hancina ya yi shati ja ya fara sulɓewa. In tashi da ciwon kai, baki a bushe ƙamas, ga doguwar hanya a gabana da kaya a bayana. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni irin na ranar ba. Mutum yana neman ya yi numfashi cikin barci, wata tana riƙe masa 'yar roba saboda kuɗin da ba ta bin shi. Da na kira gida matata ta ce in biya kawai, lafiya ta fi kuɗi, kuma ban ga laifinta ba, ita ce ta sha zama cikin dare tana jin numfashina ya ɗauke tana girgiza ni. Amma na kasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tunanin dattawanmu da ba sa jin Turanci sosai, waɗanda ake yi wa irin wannan su biya shiru.

Abin da ya warware mini shi ne haɗa su a waya ɗaya. Na kira lambar da ke bayan katin inshora, na ce ina so ma'aikacinsu ya kira kamfanin ina kan layi. Ya tambaye su lambar da suka shigar da kuɗin saitin da ita. Kowane kaya yana da lambarsa, injin kansa E0601 ne, na'urar ɗumama ruwa E0562, babban takunkumi mai rufe hanci da baki A7030. Kuɗin saitin nan ba su da lambar da za su faɗa. Sai kame-kame, wai za su sake dubawa. Ki yi haka, kuma kafin ki ajiye waya ki karɓi lambar shaidar kiran da sunan wanda kika yi magana da shi. Bayan nan ki rubuta wa kamfanin cewa ba ki yarda da bil ɗin ba, kina so a rubuto miki shi dalla-dalla, kowane kaya da lambarsa da ranarsa. A rubuce, 'yar'uwa. Maganar waya musunta ta suke yi. Ni an soke bil ɗin, amma kuɗin da suka riga suka cira sai da na sha wahala kafin ya dawo, shi ya sa nake ta nanata miki maganar katin.

Sai dai ki duba wasu abubuwa, don wani lokaci kuɗin na gaskiya ne, bayani ne ba a yi wa mutum. Yawanci ba sayar miki da injin aka yi ba, haya ce wata-wata. A tsarin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi da masu naƙasa, wata 13 ne kafin ya zama naki, kuma bayan kuɗin farko na shekara kashi 20 cikin 100 ne a kanki. Idan hayar ta tsallaka Janairu, ga yawancin inshora wancan kuɗin farkon da mutum ke biya kafin su fara biya yana dawowa sabo, sai ki ga bil ya kumbura alhali ba abin da ya canza. Idan Medicare gare ki, kawo injin da saita shi da koya miki suna cikin kuɗin hayar, ba a cajin su daban. Amma ki tambaya ko kamfanin ya karɓi farashin Medicare, don wanda bai karɓa ba yana iya ɗora abin da ya ga dama.

Kuma ina roƙonki, kada fushi ya sa ki ajiye injin. Na san mutum yakan ji ya tsane shi idan rigima ta taso. Injin yana aika musu rahoto da kansa. Ƙa'idar Medicare, wadda inshora da yawa suka kwafa, ita ce awa 4 ko fiye a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, cikin kwana 30 a jere, a cikin kwana 90 na farko. Wato dare 21 cikin 30. Idan kika gaza, inshora tana iya janye hannu, lokacin nan kuma bil ɗin zai zama na gaske. Idan takunkumin ne yake hana ki, ki matsa a canza miki. Ni sai da na koma ƙaramin nan na ƙofar hanci na fara barcin kirki. Ki kuma je wurin likita ya rubuta cewa injin yana amfanarki, don suna neman wannan ma.

Maganar masu karɓar bashi kuwa, tsoratarwa ce ta fi yawa. Idan takardarsu ta zo kina da kwana 30 ki rubuta musu cewa kina jayayya, dole su dakata har sai sun kawo hujja. Bashin asibiti ba ya hawa rahoton bashinki, wato tarihin da masu ba da rance ke dubawa, sai ya shekara, kuma tun 2023 manyan kamfanonin rahoton uku suka daina sa wanda bai kai dala 500 ba. Da na san wannan a wancan daren da hankalina bai tashi haka ba. Wani zai ce miki ki kafa hujja da dokar hana bil ɗin ba-zata da ta fara aiki a 2022. Waccan ta fi shafar jinyar gaggawa da likitocin da ake haɗuwa da su a asibiti, kada ki dogara da ita a nan. Idan kuma inshorar ce da kanta ta ƙi biya, a yawancin inshorar da ba ta gwamnati ba kina da kwana 180 ki ɗaukaka ƙara a wurinsu, idan sun sake ƙi a kai wa masu dubawa na waje. Akwai kuma hukumar inshora ta jiharku, ko ma'aikatar ƙwadago ta tarayya idan ta wurin aiki kika samu inshorar.

Ni tun daga lokacin na karɓi kwafin takardar likitana na mayar da odar takunkumi da tiyo wani kamfanin. Haƙƙinki ne. Na kuma ce kada a sake turo mini komai sai na nema da bakina.

Ki nemo takardun da kika sa wa hannu ranar da aka kawo injin, ki duba ko akwai inda kika amince da wani abu da inshora ba ta ɗauka, kamar injin da ya fi wanda likita ya rubuta tsada. Sukan cusa irin wannan a tsakiya. Ki faɗa mana abin da kika gani, da adadin da EOB ta ce yana kanki, da kuma ko kamfanin yana cikin jerin inshorarki. Idan ba ki da mai tsaya miki a wayar, ki samu wani cikin 'ya'yanki ko ƙannenki ya zauna kusa da ke yana rubuta duk abin da aka faɗa. Allah ya ba ki lafiya, ya fitar miki da haƙƙinki.