Yaya zan gane ko kafinta ya buga ƙusoshin daɓen katako yadda ya kamata?

Malam, ka ce an gama shimfiɗa maka katakon daɓe amma wasu wurare na ƙara in an taka, kuma ba ka ganin kan ƙusa ko ɗaya balle ka ƙirga. Ai ba za ka gani ba dama, a gefen harshen katakon, wato ɗan tudun gefensa da ke shiga cikin ramin katakon gaba, ake buga su a karkace, katakon gaba ya rufe su.

Maganaɗisu za ka nema, ƙananan nan masu ƙarfi na neodymium, ka riƙa jan shi a hankali kusa da layin haɗin katako biyu, duk inda ya maƙale to akwai ƙusa a ƙasa, sai ka ɗiga alli ka ci gaba, in ka gama layin ka sa awo ka auna tazarar. Amma kar ka duba wuri ɗaya ka ce shikenan, wasu masu aikin sukan fara da kyau, in gajiya ta zo sai tazarar ta fara buɗewa.

Ƙa'idar NWFA, ƙungiyar masu harkar daɓen katako ta Amurka, ga katako mai kaurin inci 3/4, in faɗinsa bai kai inci 3 ba, ƙusa duk inci 8 zuwa 10, in ya kai inci 3 ko ya wuce, duk inci 6 zuwa 8. Sannan a buga ƙusa inci 1 zuwa 3 daga kowane ƙarshen katako, kuma ko guntu ne sai ya samu aƙalla biyu. Matse su da yawa ma matsala ne, harshen na tsagewa.

In tazarar ta fito daidai amma ƙarar na nan, to katakon ƙasan da aka buga a kai za ka zarga, wataƙila bai zauna daram ba ko akwai danshi.