Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgi mara matuƙi zai iya gano inda wayar wuta ta lalace?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a nan Daura, kasan sana'armu in babu wuta babu abinci. A daminar bana iska ta kada falwaya a daji, sai da ma'aikatan wuta suka yi kwana ukku suna bin layi cikin gonaki kafin su gano wurin, wallahi har tausayi suka ba ni yadda suka dawo duk taɓo. To sai ƙanena ya nuna mani wani bidiyo a waya, wai a Amurka da helikwafta da jirgi mara matuƙi ake duba waya. Dan Allah gaskiya ne ko haɗi ne? Kuma in gaskiya ne zai yi aiki a wajenmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Gaskiya ne ba haɗi ba ne, an daɗe ana yi. Kuma abin da ka faɗa na kwana ukku ɗin nan shine ainihin maganar, don sau da yawa gyaran bai kai neman wurin cin lokaci ba.

Ka tuna watan Oktoba na 2024 da kusan duk Arewa ta zauna cikin duhu kwana da kwanaki, masu ƙanƙara da masu niƙa da ku masu walda kowa ya ji a jikinsa? Babban layin 330kV na Ugwuaji zuwa Apir ne ya faɗi, da ma'aikatan TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, suka bi sawu sai suka tarar wayar ta tsinke a wani daji mai fadama a Igumale ta jihar Binuwai, shi kuma ɗayan layin na Shiroro zuwa Kaduna dama an riga an lalata shi kuma rashin tsaro ya hana a shiga a gyara da wuri. Toh ka ga irin wurin da duron, wato jirgi mara matuƙi, yake da rana kenan, mutum yana tsaye a bakin hanya inda akwai jami'an tsaro ya tura shi ya leƙo, ba sai an jefa ran magidanci cikin daji don kawai a gano wace falwaya ce ta faɗi ba. Ni wannan ne ya fi damuna wallahi, mu da muka san halin da dazukanmu suke ciki.

Kuma ba hoto kaɗai yake ɗauka ba. Akwai kyamara mai ganin zafi da ake ɗaura masa, in mahaɗar waya ta saki ko ta yi tsatsa wurin yakan ɗau zafi tun kafin ya ƙone, kai da kake walda ka fi ni sanin yadda kebur ke zafi in ba a ɗaure shi da kyau ba. A allon sai ka ga duk wayar ta yi duhu amma wannan ɗigon yana haske kamar garwashi, shikenan an san nan za a zo da tsani. Haka fayafayan tangaran ko gilashin nan da suke riƙe waya a jikin falwaya, daga ƙasa lafiya lau za ka gansu, sai an duba ta sama ake ganin tsagewa, ko ƙurar hunturu da ta taru a kai wadda in ta sha raɓa wuta ke bi ta kanta ta yi tartsatsi. Reshen bishiya da ya kusa taɓa waya, sheƙar tsuntsu, ƙarfen da ɓarayi suka kwance a gindin turke, duk yana nunawa.

Helikwafta kuma na dogon zango ne, yana iya bin layi mai nisan gaske a yini ɗaya, shi duron na batir da wuya ya wuce minti 30 zuwa 40 a sama. Amma kuɗin mai da matuƙi ba wasa ba ne, don haka sai manyan layuka. Ƙananan layukan 33kV da 11kV da ke shiga garuruwanmu duron ya ishe su.

Sai dai fa gani kawai yake yi. In ya nuna falwaya ta karye kuma babu sabuwa a sito, babu motar ɗauka, haka za ku ci gaba da zama da janareto. Hazo mai kauri da iskar farkon damina ma suna hana shi tashi.

TAMBAYA: Malam ina da ƙaramin duron da nake ɗaukar biki da shi a Katsina, zan iya zuwa in ɗauko hoton wayar unguwarmu in kai wa ma'aikatan wuta?

AMSA: A'a ƙanena, kar ka soma. Tashin duron a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da kuma tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle a Katsina da ga filin jirgin Umaru Musa Yar'adua ga halin tsaro. Sannan kusa da babbar waya kamfas ɗin duron na iya rikicewa ya faɗa kanta, ka yi asarar kayanka ka jawo wa unguwa duhu. In ka ga waya na tartsatsi, ka tsaya nesa ka ɗauka da wayar hannunka, ka rubuta lambar falwayar in akwai, ka kai ofishinsu mafi kusa.