Takardun tsohuwar cocin Jamusawa a Amurka: a yi musu laminatin?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karatu a jihar Pennsylvania, ina kuma taimaka wa wata tsohuwar cocin Lutheran da Jamusawa 'yan ƙaura suka kafa. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa muka tarar da kwalaye: rajistar baftisma, aure da jana'iza daga 1860 zuwa 1920, da littattafan zaman wata ƙungiyar taimakon juna ta Jamusawa. Da an taɓa takarda sai ta karye. Kwamiti zai sayi injin laminatin mako mai zuwa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi gaskiya da ka damu. Ka tsayar da kwamitin tun kafin kuɗi ya fita.

Kullum sai an kawo wannan magana, wai leda na kare takarda. Ƙarya ce da masu shagon hoto da 'yan "na iya" suka dasa a kan mutane. Injin yana gasa takarda da zafin da ya kan haura digiri 100 a ma'aunin Celsius, gam ya narke ya shige cikin zarenta, kuma ba ya fita. Takardun bayan 1870 galibi da ɓargon itace aka yi su, asid ne cike da su. In ka rufe su ruf, asid ɗin ba shi da mafita, sai ya ci gaba da cin takardar a ciki. Tawadar wancan zamani ma da sinadarin ƙarfe aka haɗa ta. Ɗaga shafi ɗaya ka duba bayansa: za ka ga rubutun ya huda ya fito ruwan ƙasa, wani wurin har ya yanke takardar kamar reza. Zafi na ƙara masa gudu. Manyan ma'adanan takardun tarihi a Amurka sun gwada irin nasu laminatin tun shekarun 1930, tsarin wani mai gyaran tsofaffin takardu, William Barrow. Ledar ta lalace tana warin tsami, aka dawo ana kashe kuɗi wajen ɓare ta. Wanda ƙwararru suka yi ke nan, balle na injin kanti. Salatif ma kada ya kusance su, rawayen tabonsa ba ya goguwa.

Ku fitar da kwalayen daga ƙarƙashin ƙasa yau. A nemi ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 20, danshi tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100, domin ya haura 65 funfuna za ta tsiro. A cire fil, kilif da robar ɗauri, tsatsa da tabo suke bari. A sa takardun a fayil da kwali marasa asid. Wadda ta yage a zura ta cikin ledar foliyesta marar gam, ban da wadda tawadarta ko fentinta ke ɓarewa, irin takardar shaidar baftisma mai zanen furanni, don ledar za ta jawo fentin. Lamba da fensir ake sawa, biro haram. Kada a sake jera su don su yi kyau, yadda faston ya bar su shi ma shaida ne. A ɗauki hoton kowane shafi a kan 400 dpi (ma'aunin kaifin hoto).

Rubutun hannun kuwa Kurrent ne, wato tsohon salon rubutun Jamusanci, Bajamushen yau ma da ƙyar yake karanta shi. Wajen 1917 za ka iya ganin ya koma Turanci, lokacin da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus aka tsangwami harshen.

Tambayi faston wace ɗarika cocin take. In ELCA (Evangelical Lutheran Church in America) ce, ku tuntuɓi Lutheran Archives Center da ke Philadelphia. In Missouri Synod ce, Concordia Historical Institute a St. Louis. Littattafan ƙungiyar kuma a nemi shawarar German Society of Pennsylvania, wadda aka kafa a 1764.