Amsoshin Likita: Medicare, Inshorar Tsofaffi a Amurka, da Ja-in-jar 'Yan Siyasa a Kanta

Wasiƙun wannan makon duk daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma duk a kan Medicare ne, inshorar lafiyar da gwamnatin ƙasar ke yi wa wanda ya cika shekara 65.

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 71, ya yi tuƙin tasi a New York sama da shekara ashirin. Kullum talabijin sai cewa ake Medicare ta kusa karyewa. Hankalinsa ya tashi, har ya fara shan maganinsa na tsinka jini, Eliquis, sau ɗaya a rana maimakon sau biyu, wai yana tari saboda gaba. Da gaske za ta karye? Daga wata 'yar'uwa a Bronx.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin mu shiga siyasa, Baba ya koma shan maganinsa sau biyu daga yau. Ana yawan ba da Eliquis ga wanda bugun zuciyarsa ya rikice, don kada jini ya dunƙule a cikin zuciyar ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ƙarfinsa ba ya jimawa a jiki, shi ya sa ake sha safe da dare. Wanda ya tsallake na dare ya bar kansa babu cikakkiyar kariya har gari ya waye. Idan kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshensa ya yi nauyi, ki kira 911 nan take, ki kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin likitoci za su tambaya.

To, batun karyewa. Ba asusu ɗaya Medicare ke da shi ba. Sashe na A, mai biyan kwanciyar asibiti, harajin albashi ne ke ciyar da shi: ma'aikaci kashi 1.45 cikin ɗari, mai ba shi aiki kashi 1.45, mai zaman kansa kuwa ya haɗa duka, 2.9. Wannan asusun ne ake magana a kai. Rahoton amintattunsa na 2025 ya ce ajiyar za ta ƙare a 2033, amma ko a lokacin harajin da ke shigowa zai iya biyan kusan kashi 89 cikin ɗari na buƙata. Giɓi ne babba, sai dai ba rufe ƙofa ba ne. Sashe na B, na ganin likita da gwaje-gwaje, da Sashe na D, na magani, daga baitulmali da kuɗin wata-wata na masu inshora ake biyansu, kuma duk shekara ake sake lissafi. Maganin Baba a Sashe na D yake.

Yadda za a cike giɓin ne ya raba kan jam'iyyun. 'Yan Dimokurat sun fi karkata ga ƙara wa masu manyan kuɗi haraji da matsa wa kamfanonin magani lamba. A ɓangaren Rifablikan an sha kawo shawarar ɗaga shekarun shiga zuwa 67, ko a ba kowane tsoho wani ƙayyadadden kuɗi ya je ya sayi inshora da kansa, tsarin da Paul Ryan, tsohon shugaban Majalisar Wakilai, ya yi fice a kansa. Sanata Bernie Sanders shi kuma cewa yake a buɗe Medicare ga kowa da kowa. Da rigima aka haife ta ma: ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe ta da ƙarfi kafin Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a ranar 30 ga Yuli, 1965. A ganina ɗaga shekarun ne mafi cutarwa. Direba da ɗan dako da mai kula da marasa lafiya a gida, jikinsu kan riga na ma'aikacin ofis gajiya, kuma wanda aka ce ya jira shekara biyu, hawan jininsa da ciwon sukarinsa ba za su jira shi ba.

Tambaya: An ce an yi dokar rage kuɗin magani, amma ni a watan Janairu kuɗi mai yawa na biya a kantin magani. Ina allurar insulin, ina kuma shan maganin sukari Jardiance. Daga wata Hajiya a Ohio.

Amsa: Hajiya, dokar gaskiya ce. An yi ta a Agustan 2022, da ƙyar ta tsallake Majalisar Dattawa, ƙuri'a 51 da 50, sai da mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama, kuma babu ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya goyi baya. Ta ƙayyade insulin a dala 35 a wata ga kowane iri da tsarinki ya amince da shi. Ta mai da allurar riga-kafi irin ta makero (shingles) kyauta. Daga 2025 ta sa iyaka ga abin da mutum zai biya daga aljihu a shekara kan magungunan Sashe na D, dala 2,000, iyakar tana ɗan ƙaruwa duk shekara. Ta kuma ba gwamnati ikon yin ciniki da kamfanoni. Jardiance yana cikin magunguna goma na farko, tare da Eliquis da Januvia da Xarelto da Entresto, sabon farashinsu daga 1 ga Janairu, 2026.

Abin da ya ci kuɗinki a Janairu shi ne kuɗin share fage da ake biya a farkon kowace shekara kafin inshora ta fara ɗauka, wanda a 2025 yakan kai dala 590. Insulin ba ya ciki, Jardiance yana ciki. Ki kira kamfanin tsarinki ki nemi a raba miki kuɗin wata-wata, doka ta tilasta musu, babu kuɗin ruwa. Ki nemi tallafin da ake kira Extra Help a ofishin Social Security idan abin da ke shigo miki kaɗan ne. Sannan tsakanin 15 ga Oktoba da 7 ga Disamba ki zauna da kwalaben magungunanki a gabanki, ki duba kowanne yana cikin jerin tsarin na shekara mai zuwa. Maganin da ba ya cikin jerin, kuɗinsa ba ya shiga lissafin iyakar nan.

Kada ki rage insulin don tsimi. Mai shan Jardiance kan iya samun tsamin jini mai haɗari alhali na'urar awo ba ta nuna sukari ya hau sosai ba. Amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama, asibiti ne kai tsaye.

Tambaya: Na yi ritaya, ina so in koma Kano in zauna, sai dai in riƙa leƙowa. In daina biyan Sashe na B? Daga wani Alhaji a Houston.

Amsa: Alhaji, Medicare ba ta biyan jinyar da aka yi a Kano ko Kumasi ko Zinder. Amma ka yi lissafi kafin ka saki. Sashe na A ka riƙe shi, tunda ba ka biyan komai idan ka yi aikin da aka cire haraji na shekara goma. Sashe na B kuwa dala 185 ne a wata a 2025. Idan ka fita, duk cikakkiyar shekara da ka yi a waje ana ƙara maka kashi 10 cikin ɗari ranar da ka dawo, kuma tarar ba ta faɗuwa har ƙarshen rayuwa. Shekara uku kashi 30 ke nan, wato ƙarin dala 55 da ɗoriya kowane wata a wancan farashin. Ba kuma a ko da yaushe ake komawa ba, sai daga Janairu zuwa ƙarshen Maris. Wanda aka gano masa ciwon daji a watan Mayu zai iya kwashe watanni yana jira. In dai kana da niyyar dawowa don aikin tiyata ko wankin ƙoda, ka ci gaba da biya. In kuma Medicare Advantage kake, wato Medicare ta hannun kamfani mai zaman kansa, ka sani wanda ya wuce wata shida a wajen yankin tsarinsa akan cire shi.

A gida ka nemi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali, ka tambayi wane asibiti da waɗanne magunguna ke ciki. Ka taho da takaitaccen tarihin jinyarka a rubuce, da sunayen magungunan na asali ba na kamfani kawai ba.

Tambaya: Bayan an yi wa mahaifiyata aikin ƙugu, kamfanin Medicare Advantage ya ƙi biyan gidan gashi da motsa jiki. Me za mu yi? Daga wani Malam a Maryland.

Amsa: Malam, ku ɗaukaka ƙara yau. Medicare Advantage kamfanoni masu zaman kansu ne gwamnati ke biya kan kowane mutum, kuma fiye da rabin masu Medicare yanzu a can suke, saboda ana haɗa musu da haƙori da tabarau. Abin da ke biyo baya shi ne neman izini kafin aiki. Yawan kuɗin da ake ba kamfanonin ma wani fagen jayayya ne a majalisa.

Ku karɓi takardar ƙin a rubuce, da dalilinta. Likitan da ya yi aikin ya nemi dubawar gaggawa, yana mai bayyana cewa jinkiri zai cutar da ita. Awa 72 gare su su amsa. Wasiƙarsa ta faɗi abin da ake aunawa: taku nawa take iya yi, ko tana tashi daga gado ba taimako, matakala nawa ne a gida, wa zai kwana da ita. Idan sun sake ƙi, takardun kan wuce kai tsaye ga mai dubawa na waje. Mutane kaɗan ne ke ɗaukaka ƙara, amma mafi yawan waɗanda suka yi ana sauya musu hukunci. Kada Mama ta zauna kwance tana jiran amsa, kwanciya bayan aikin ƙugu ita ke jawo dunƙulewar jini a ƙafa da ciwon huhu da gyambon gado.

Idan kun yi tunanin komawa Medicare ta asali, wadda gwamnati ke biya kai tsaye, ku lura: shi kashi 20 cikin ɗari na Sashe na B yake bar wa mutum, babu iyaka, sai an haɗa da inshorar cike giɓi ta Medigap. Bayan wata shidan farko na shiga Sashe na B, a yawancin jihohi kamfani na iya ƙin mai ciwo. Ku samu Medigap a hannu kafin ku fita.

Tambaya: Na kawo mahaifiyata mai shekara 68 da katin zama na dindindin. Za ta samu Medicare? Daga wata 'yar'uwa a Atlanta.

Amsa: Ba yanzu ba. Sai ta yi shekara biyar a jere tana zaune a ƙasar, kuma tunda ba ta yi aiki a can ba, sayen Sashe na A za ta yi, dala 518 a wata a 2025, ban da na B. Dokar Yulin 2025 ta fitar da wasu baƙi, irin su 'yan gudun hijira da ba su samu katin ba, amma masu katin dindindin suna nan. Kafin shekarun su cika, ki nema mata inshora a kasuwar Obamacare, inda mutum ke saya wa kansa inshorar lafiya, a auna mata hawan jini da sukari da ƙoda da ido tun yanzu. Ki kuma rubuta ranar da shekara biyar ɗin za ta cika, domin damar yin rajista ba tare da tara ba wata bakwai ce kacal, tana farawa wata uku kafin wannan ranar.