Amsa: Ɗana ya ƙi zuwa makaranta saboda sunan tsokana

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce tun ranar da malamin ajinsu ya sa su wasan haɗa sunan kowa da na wata dabba, 'yan aji suka liƙa wa ɗanki sunan da ya ƙi jini, har kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Kina tambaya ko ki ce masa ya share su kawai.

Ni dai ban goyi bayan haka ba. "Share su" magana ce mai sauƙi a bakin babba, amma yaron da ake rera wa waƙa da sunan a filin wasa ba zai iya toshe kunnensa ba. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi nazarin cin zali a makarantu tun shekarun 1970, ya bambanta shi da wasa ta abubuwa uku: niyyar cutarwa, maimaitawa, da fifikon ƙarfi. Aji guda a kan yaro ɗaya, ai ƙarfi bai zo ɗaya ba.

Ki je ki ga malamin a keɓe, ba a gaban yara ba. Shi ya buɗe ƙofar nan, shi ya kamata ya rufe ta. Ya daina wasan, ya riƙa kiran yaron da sunansa na gaskiya, ya kuma ja kunnen masu jagorantar tsokanar, don sauran galibi 'yan amshin shata ne. Kada ki je ki yi wa yaran faɗa da kanki, washegari wani sabon sunan zai ƙaru. In malamin ya yi ko-in-kula, ki wuce ofishin shugaban makaranta.

A gida kuma, ki hana yayyensa maimaita sunan, ko da a wasa ne.