Tambaya da Amsa: Mi ya sa palu ya fi cin mu?

Assalamu alaikum. Ɗana yana aiki Aljeriya, ya ce mini can ba a san masassarar cizon sauro ba sam, mu ko nan kowace damana sai ta kwantar da gida duka. Jininmu ne ba shi da ƙarhi ko mi? Daga wata uwa, Tawa.

Wa alaikumus salam Hajiya. Jininku lahiya lau yake. Ɗanki bai yi ƙarya ba, Hukumar Lahiya ta Duniya, wato OMS, ta tabbatar Aljeriya ta rabu da palu (masassarar cizon sauro) a 2019, amma ki sani can ma da akwai shi, kai a garin Constantine ne ma wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar cikin jinin mutum a 1880. Korar palu ƴan Aljeriya suka yi, shekara da shekaru ana feshi ana gwada duk mai zazzaɓi ana ba shi magani kyauta. Sin ta rabu da shi a 2021, Masar a 2024.

Mu kayanmu ya fi nauyi. A lissahin OMS na 2023 mutum kusan dubu 600 palu ya kashe a duniya, kuma wajen rabinsu daga ƙasashe huɗu kawai: Najeriya, Kwango ta Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. Ƙasarmu ta uku fa, duk da ba mu kai su yawan jama'a ba, kuma akasari yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Sauron da ke garemu ɗan Adam ya fi so bisa dabba, ƙwayar da yake ɗauke da ita ita ce mafi muni, ga ruwa kwance ko'ina daga Yuli zuwa Oktoba, ga ƙananan asibitocin CSI nesa da ƙauyuka, sai a tsaya ana jiƙe-jiƙe da paracetamol na tebur har yaro ya fara fizge-fizge sannan a nemi amalanke, to wanga jinkirin shi ya fi ci mini rai don shi ne ke hannunmu.

Kuma kowace ƙasa da tata cuta. Tarin fuka ya fi yawa a Indiya, kwata na masu shi a duniya can suke. Mu ma mun taɓa cin nasara: a Janairun 2025 Nijar ta zama ta farko a Afirka da aka shaida ta kawar da makantar da ƙudan bakin gulbi ke kawowa.

Abu guda game da ɗanki, in ya daɗe can ƴar kariyar da jikinshi ya saba da ita tana raguwa, in ya zo gida cikin damana palu na iya buge shi fiye da ku. Ki aje mishi sange tun kan ya iso, in jikinshi ya yi zahi a yi gwajin palu na jinin yatsa ranar nan, kar a kwana. Jikoki kuma in masu raba maganin rigakahin damana sun zo ƙofa, a cika na kwana ukun duka.